Mai Ɗinkin Salka a Garin Ƙanƙara

Ku da kuke wucewa ta gaban rumfata ranar kasuwar Belbeji, kuna ganina zaune da fata a cinya, basilla a hannu, rediyo na ta surutu a gefe, na san abin da kuke faɗa. Cewa kuke Baba Sanda ya dace da sana'ar hutu, a inuwa yake wuni. To, tunda yau kun zauna kuna son jin labarin ƙasar ƙanƙara da na je, zan ba ku shi. Amma sai kun fara jin yadda aka yi har wasu suka ga ya dace a ɗauki mai ɗinkin salka a sa shi cikin jirgin sama.

Salkar farko da na ɗinka, a Falanko ne, a gidan ƙanin mahaifiyata, Kawu Habu. Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni wurinsa, kuma sai da na yi shekara biyu ban taɓa basilla ba. Aikina dakan bagaruwa, kwasar toka, da tsoma hannu cikin kwatarniyar jima har faratana suka rine. Kawu Habu majemi ne kuma baduku, ba ya ɗinka fatar da wani ya jeme. Akuyar da za a yi salka da fatarta ba a tsaga mata ciki. Ta wuya ake feɗe ta, a zare naman kamar ana tuɓe riga, kuma idan wuƙar mahauci ta ɗan ci fatar, ko da girman ƙwayar gero ne, dole ka san da wurin. Daga nan a jiƙa ta da toka har gashi ya saki, a kankare da kartaji, a wanke, a zuba ta cikin ruwan bagaruwa ana juyawa safe da yamma. In ta jemu a shafe ta da man shanu, a murza har ta yi laushi. Duk wannan ba a zo maganar ɗinki ba tukuna.

Da na gama ɗinke ƙafafun waccan salkar, Kawu ya ɗauke ta ya cika ta a rijiya, ya rataye a reshen aduwa, ya ajiye busasshiyar ƙwarya a ƙarƙashi. Bayan la'asar muka je dubawa, ruwa ya taru a ƙwaryar har zurfin yatsa uku. Bai yi faɗa ba. Wuƙa ya miƙo mini ya ce, "Sanda, warware." Sau uku ina warwarewa. A na huɗu ƙwaryar ta wuni da ɗan danshi kawai. Ya shafa cikin salkar da bayan hannu ya ce, "Wannan gumi ne, ba yoyo ba. Salka sai tana gumi ruwanta yake sanyi." Da wannan awon na yi aiki shekara arba'in da wani abu: gumi ba laifi, yoyo kuwa a warware.

Kayan aikin ba su da yawa. Basilla uku ce, babba ta wasaki, matsakaiciya ta salka, da ƴar siririya ta faci, dukansu wani maƙeri a Tanut ya ƙera mini. Sai wuƙar yanka, dutsen washi, da ƙaho cike da man shanu. Zaren kuwa daga fatar ɗan akuya nake yanko shi siriri, in jiƙa shi kafin in ɗinka, domin in ya sha ruwa ya kumbura ya toshe hudar da basilla ta yi. Wasaki, wato babban gugan fatar sa da ake ja da takarkari a rijiyoyi masu zurfi irin na wajen Tenhya, shi ya fi cin yatsu. Ka wuni kana huda ƙirgi, da yamma tafin hannunka ya ƙi rufuwa.

Masu saye kowa da irin gwajinsa. Bafillatana takan kai hancinta bakin salka ta shinshina, in ta ji warin jima ya yi yawa ta ajiye ta wuce. Buzu ba ya fara ciniki sai ya hura mata iska da baki, ya shaƙe wuyan da hannu, ya kara ta a kunne yana matsawa, ko zai ji iska na fita. Direbobin manyan motoci masu hawa Agadas su kuma ƙarfin igiyar ratayewa suke dubawa, don a jikin mota suke ɗaure ta, ta yi ta bugun ƙarfe kwana da kwanaki.

Akwai salka ɗaya da ba na mantawa da ita, a shekarar da damina ta ƙi, dabbobi suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi. Lokacin na fara zaman kaina a nan Belbeji. Fata ta yi yawa har ana ba ka kyauta, amma fatar dabbar da yunwa ta cinye ba ta da jiki, in ka ɗaga ta kana hango hasken rana ta cikinta. Kawu ya aiko mini da saƙo cewa kada in yi salka da irin wannan fatar, in yi burgami ko shimfiɗa. Ni kuwa ga iyali, ga gero ya yi tsada, sai na jeme guda shida na ɗinka. Wani Buzu mai raƙuma biyu ya sayi ɗaya ya yi arewa. Bayan kwana tara ya dawo rumfata, leɓunansa duk sun tsattsage. Ya ajiye salkar a gabana. Ɗinkin bai motsa ba, fatar ce ta yage a gefensa kamar takarda. Wuni biyu ya yi ba ruwa kafin ya tarar da wasu makiyaya. Bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, "Baduku, ɗana yana tare da ni." Na tashi na kwaso sauran biyar ɗin na yanka su gida-gida a gabansa, na ba shi salkar gidana da muke sha da ita. Wannan shekarar sai facin tsofaffin guga ne ya riƙe mu har ruwa ya sauka.

Daga baya bido, wato jarkar roba, ya shigo, aka fara yin guga da robar cikin tayar mota. Mu bakwai ne masu ɗinkin salka a wannan kasuwa, muka koma biyu. Ni ban bari ba, don makiyayan da ke tafiya mai nisa sun san ruwan bido tafasa yake yi a rana.

Wani wasaki ne ya jawo tafiyar tawa. Wata Baturiya ƴar ƙasar Danmak da ke aiki da masu gyaran rijiyoyin makiyaya ta gan shi a Tenhya, ta tambayi wanda ya ɗinka, aka kawo ta rumfata. Ta wuni tana kallon hannuna. Ta ce can arewacin duniya akwai wani babban tsibiri, Girinlan, inda wasu mutane da ake kira Inuwit suke ɗinka fata don kada ruwa ya shiga, kamar yadda nake ɗinka tawa don kada ya fita. Na ɗauka hira ce. Bayan fiye da shekara sai ga takarda, wai wata ƙungiya tana haɗa masu aikin fata na ƙasashe daban-daban su ziyarci juna, kuma an sa sunana. Aka haɗa ni da Malam Yohanna, wani Kirista mutumin Damagaram, tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, mai jin Faransanci da Ingilishi, don ya yi mini tafinta. Shi ya yi ta zirga-zirgar fasfo da biza a Yamai. Kafin mu tashi na je wurin limaminmu, domin an ce a can rana ba ta faɗuwa a watannin da za mu je. Ya ce in bar agogona a kan lokacin gida in riƙa salla da shi, naman dabbar teku kuma in ci, babu laifi. Na ɗaure basilluna a tsumma, na zuba dakakkiyar bagaruwa mudu biyu a leda, muka kama hanya.

Jirgin sama uku muka hau, kowanne ya fi wanda ya gabace shi ƙanƙanta, sannan jirgin ruwa na wuni guda. Garin da muka sauka bai kai rabin Belbeji ba. Gidajen na katako ne, ja da shuɗi da rawaya, a kan tsirarun duwatsu a bakin teku. Itace ko ɗaya babu, ko na asuwaki. Babu hanyar mota da ta haɗa garin da wani gari. A cikin ruwan kuwa ga ƙanƙara tana yawo, wata ta fi masallacin Juma'a girma, lokaci-lokaci ka ji ta tsage da ƙara kamar aradu. A bayan gari karnuka ne a ɗaure da sarƙa, manya masu gashi, waɗanda suke jan keken ƙanƙara in sanyi ya shigo, ga kifi a shanye bisa katakai kamar yadda mahauta ke shanya kilishi. Suka ce wai wannan ne lokacin zafinsu. Ni riga huɗu na sa. Abin da ya ba mu dariya ni da Malam Yohanna shi ne sauro. Mun ƙetare duniya mun tarar da shi yana jiranmu, ya ma fi na gida ƙiba.

Wadda aka haɗa ni da ita tsohuwa ce mai suna Naja, ta kusa tamanin, gajeriya, yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi. Iya nake ce mata, ta kuma saba da sunan tun rana ta biyu. Tana zaune da ɗanta, magidanci mafarauci mai suna Malik. Da na ji sunan na miƙa masa hannu na yi masa sallama, na zaci na samu ɗan'uwa Musulmi. Ya yi dariya ya ce a harshensu sunan na nufin igiyar ruwa. Maganarmu doguwar hanya take bi: Iya ta faɗa wa Malik da harshensu, Malik ya faɗa wa Malam Yohanna da Ingilishi, shi kuma ya juya mini da Hausa.

Fatar da suke aiki da ita ta wata dabbar teku ce mai kan kare, ba ta da ƙafafu sai filafilai. Suna ce mata puyisi, ni bakina fuyisi yake iyawa. Ba sa jeme ta da komai. Iya takan shimfiɗa ta a kan allo, ta ɗauki wata wuƙa mai siffar jinjirin wata da mariƙi a sama, ulu sunanta, ta kankare kitsen tas, ta wanke, ta ɗaure a katako iska ta busar. Da ita take ɗinka takalmin da suke kira kamik, dogo har gwiwa.

Aikin farko da ta ba ni, ƙyallen fata biyu ne, ta ce in haɗa su su zama ɗan aljihu, tana son ganin ɗinkin ƙasarmu. Akwai mata biyar ko shida a ɗakin, maƙwabta da suka zo ganin baƙo. Na zauna a ƙasa, na fito da siririyar basillata, na yanko zare, na yi mata ɗinkin da nake yi wa salkar da ta fi kowacce tsada. Na shafe shi da ɗan mai, na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta yaba daidaiton layin. Sai ta cika shi da ruwa ta rataye a ƙusa, ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa, aka kawo kofi da biskit. Kafin mu shanye, ɗigo uku sun sauka a takardar.

Na ce, "Malam Yohanna, gaya mata wannan gumi ne. In zaren ya kumbura zai tsaya."

Maganar ta tafi ta dawo. Malam Yohanna ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Malam Sanda, ta ce ɗinkinka mai kyau ne, amma na ƙasar rana ne. A nan ɗigo uku a cikin takalmi, in mutum yana kan ƙanƙara, kafin ya iso gida yatsunsa sun daskare, sai likita ya yanke."

Iya ta zazzage ruwan, ta ɗauki ulu ta miƙo mini ta wajen mariƙin. Wannan bai bukaci tafinta ba. Matan suka ƙyalƙyale da dariya, ni ma na yi, na karɓa na warware, ga furfura a gemuna.

Ɗinkin nata, da na zauna kusa na duba, ba irin namu ba ne ko kaɗan. Mu hudawa muke yi daga wannan gefe zuwa wancan, mu dogara ga zare ya toshe. Ita allurarta ba ta taɓa ratsa fata biyun a huda ɗaya. A layin farko takan shigar da allurar rabin kaurin fata ta sama kawai, ta fito da ita ta ratsa ta ƙasa. Sai ta juya takalmin ciki waje ta yi layi na biyu, wannan karon ta ƙasan ce ake shiga rabinta. Ka ga ke nan babu wata huda da ta taso daga waje ta kai ciki. Zaren jijiya ce ta wata dabba mai kama da barewa, mai ƙaho reshe-reshe, tana tsaga ta da haƙori ta murza a kumatu. Ƙarfen da ke kare yatsa a manuniya take sa shi, tana jawo allurar zuwa ƙirjinta, ni kuwa duk rayuwata turawa nake yi gaba. Fatar kuma dole ta kasance da danshi, in ta bushe allura ta karye, in ta jiƙe da yawa ta yage.

Kwana tara na yi a kan ƙyallaye. Kaurin fatar bai wuce na kwalin sukari ba, a ce ka shiga rabinsa ka fito ba tare da ka ɓulla ba. Ido ba ya ganin wannan, sai dai yatsan da ke ƙasa ya ji tsinin allura na zuwa ya tsayar da ita. Na karya allura huɗu. Na soki babban yatsana har ya daina jin zafi. Iya na zaune a kujerarta tana nata aikin, ba ta ko kallona, amma da na ɓulla sai in ji ta yi ɗan tsaki. Ban san yadda take sani ba. Malam Yohanna ya gaji da zama ya riƙa bin Malik kamun kifi, mu kuwa muka gane ba ma bukatarsa sosai. In ɗinki ya yi, takan ɗaga gira, wannan shi ne i a wurinsu. In bai yi ba ta yamutsa hanci.

Bagaruwar da na kai ma ta yi nata aikin, ko da yake ta ba ni wahala. Na jiƙa ta a bokiti na tsoma fatar fuyisi ɗaya, kwana huɗu ko launi ba ta sauya ba, sanyi ya hana ruwan ci. Sai muka jawo bokitin kusa da murhun ɗaki, warin jima ya cika gidan, matar Malik ta buɗe tagogi duka tana fifita da hannu. Da fatar ta jemu ta fito ja-ja mai laushi. Iya ta shinshina, ta ɗan tauna gefenta, ta tofar saboda bauri. Ta ce ba za ta yi takalmi ba, za ta sha ruwa, amma ba ta taɓa ganin fatar da ta dace da safar hannu kamarta ba. Sauran bagaruwar ta zuba a gwangwani ta ɓoye a saman kabad.

Takalmin Malik shi ne aikin da ya fi kowane nauyi da na riƙe a can. Zai tafi farauta wani tsibiri na kwana uku, inda sai mutum ya shiga ruwa har ƙauri kafin ya ja kwalekwale tudu, ruwan kuwa da gutsattsarin ƙanƙara a ciki. Iya ta riga ta gama ƙafar dama. A rana ta goma ta duba aljihun gwajina na ƙarshe, wanda ya wuni a ƙusa takardar ƙarƙashinsa a bushe, sai ta ɗauko yankakkiyar fatar ƙafar hagu da ta tafin takalmin ta ɗora mini a cinya.

Na kira Malam Yohanna na ce, "Gaya mata a'a. Wannan ƙafar mutum ce, ba ƙyalle ba. Ni baƙo ne, jiya-jiya na fara."

Ta amsa a taƙaice. Malik ya fassara yana murmushi, Malam Yohanna ya ce, "Ta ce hannunta ya kumbura, ba za ta gama kafin jibi ba. Ta ce kuma ƙafar ɗanta ce, ta fi ka sanin darajarta."

Wuni biyu na yi a kansa. Wurin da ya fi wuya shi ne gaban takalmin, inda ake tattare tafin da ƙananan ninki ya rungumi yatsu. Iya ta yi mini ninkin da farcenta, ni na ɗinke. A diddige na ji allura ta ɓulla sau ɗaya. Ba ta gani ba, ta fita shanya. Da na so sai in wuce, huda ɗaya ce cikin ɗaruruwa. Na warware tsawon yatsa, na jira ta dawo na nuna mata wurin, ta yanke bakin fatar kaɗan muka matsar da layin.

Da safen tafiyar muka raka Malik bakin ruwa. Malam Yohanna ya lura da takalman roba a cikin kwalekwalen, ya raɗa mini cewa in kwantar da hankalina, ai yana da na canji. Bai rufe baki ba Iya ta sunkuya ta ciro su, ta rataya a kafaɗa. Malik ya yi mata magana, ta yamutsa hanci. Ya ɗaga kafaɗa, ya ta da inji, shi da wani abokin farautarsa suka shige tsakanin ƙanƙara.

Kwana uku suka cika bai dawo ba. Iska ta taso daga teku, ta turo ƙanƙara ta toshe bakin mashigar. Mutanen garin ba su damu ba, sun ce haka take yi, zai jira ta buɗe. Ni dai na riƙa sauka bakin ruwa bayan kowace salla. Matar Malik ta dafa miyar naman fuyisi da shinkafa da albasa, wadda na saba cinye kwano biyu, ranar ko rabi ban ci ba. Malam Yohanna ya ce, "Malam Sanda, ka yi naka, saura na Allah ne. Ni ma na sa shi a addu'a." Iya kuwa tana kujerarta tana murza jijiya a kumatu.

A rana ta biyar da hantsi muka ji ƙarar inji. Kafin in gangara, rabin garin ya riga ni. Sun kamo fuyisi uku. Malik ya diro cikin ruwa har ƙauri, ya ja kwalekwalen, ya hau tudu yana gaisawa da mutane, ni kuwa ƙafarsa ta hagu kawai nake kallo, ko tana ɗingishi. Iya ba ta bari ya shiga gida ba. A kan dutsen ƙofa ta zaunar da shi ta tuɓe masa takalman. Ta zura hannu cikin na dama har yatsu, ta fitar. Ta zura cikin na hagu, ta daɗe tana lalube, ta bi diddige, ta bi ninkin gaba. Sai ta kama hannuna ta cusa shi ciki. A bushe yake ƙamas, da ɗumin ƙafar mutum.

Ta tambayi Malik wani abu, ya dubi takalman biyu ya yi dariya. Malam Yohanna ya ce, "Ta tambaye shi wace ƙafa ce ta fi jin sanyi. Ya ce shi har ya manta wanne ne na baƙo." Iya ta ƙara magana tana nuna layin da farce. Malam Yohanna ya ce, "Ta ce ita ba za ta manta ba. Ɗinkinka yana ɗan kwantawa gefe guda, kamar na mutumin da ya saba turawa."

Ranar aka cika gidan da baƙi, ana shiga ana fita, kofi da nama da waina mai zaƙi, kowa ya zo sai an miƙa masa takalmin hagu ya zura hannu. Wani tsoho da ba shi da yatsu biyu a hannu ɗaya ya daɗe yana juya shi, sannan ya dafa kafaɗata ya ɗaga gira.

Saura kwana biyu jirgin ruwanmu ya zo, na fara haɗa kaya. Iya ta shigo da wata sabuwar fata a yanke, ƙarama, ta ƙafar hagun takalmin matar Malik, ta ɗora mini a cinya. Na nuna mata yatsu biyu, na nuna teku, wato lokaci ba zai isa ba. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta miƙo allura. Na zauna na kama. Ina cikin layi na biyu, na taso daga diddige na kai tsakiyar tafi, jirgin ya yi kuka a bakin ruwa. Na soke allurar a inda na tsaya, na bar mata siririyar basillata a kan kujera, muka gangara da gudu, Malam Yohanna na jan akwatina.

Bayan wata biyar, ana tsakiyar sanyi, Malam Yohanna ya hau mota tun daga Damagaram ya zo har rumfata, don kawai ya nuna mini hoto a wayarsa. Malik ne ya aiko. Matarsa ce tsaye a ƙofar gida, ƙanƙara ta rufe komai har rabin taga, a hannunta safar fata ja-ja, a ƙafarta sabon kamik. Malam Yohanna ya ce akwai saƙo daga Iya a ƙasan hoton. Ta ce a gaya wa mutumin ƙasar rana ta ƙarasa daga inda ya soke allura, ba ta warware ko ɗaya ba. Na karɓi wayar na ce ya buɗa mini hoton ya ƙara girma. Ƙafar hagu, daga diddige zuwa tsakiya, layin ya ɗan kwanta gefe guda.